Nutso a jikin bangon dutse, inda babu ƙasa a ƙarƙashinka

Tambaya: Wani matashi daga unguwar Bukoki a Yamai ya rubuto cewa bara ya samu takardar nutso ta matakin farko lokacin da yake karatu a waje. Nutso takwas ya yi, duka a wuri mai yashi da bai wuce mita 12 ba. Cikin watan Yuli zai je Marsey a Faransa, abokansa sun ce za su kai shi "tomban", kuma wai ya fi nutson yashi sauƙi tunda ba a tada ƙura, kallo ne kawai. Yana son sanin ko haka ne, da abin da zai shirya.

Amsa: Ƙanena, rabin gaskiya abokanka suka faɗa maka. Kallo kam akwai shi har ido ya ƙoshi. Sauƙin ne babu. A nutso takwas ɗin nan akwai mai gyara maka kuskure wanda ba ka taɓa lura da aikinsa ba, shi ne yashin da ke ƙarƙashinka. In darmar da ka ɗaura ta yi yawa, ko ka manta ba ka hura jile ba, rigar nan mai ɗaukar iska da ke ɗaga ka a ruwa, iyakar abin ka sauka ka durƙusa a mita 12, ka tada ƙura, monita, wato malamin nutso, ya harare ka. A jikin bango wannan kuskuren ba ya da inda zai tsaya. Don haka duk shirinka ya koma kan abu guda: ka iya tsayawa cak a tsakiyar ruwa, a zurfin da ka zaɓa, ba ka taka komai ba, ba ka riƙe komai ba.

Tomban kalmar Faransawa ce ta dutsen da ya yanke tsaye a cikin teku. Wanda ya san duwatsun Adar, wajen Buza ko Keita, inda tudu ke tafiya shimfiɗe sannan ya katse lokaci guda, ya ɗauki wannan ya nutsar da shi a ruwa. A kudancin Marsey gaɓar farin dutse ce, wurin da ake kira Kalank, wanda aka mai da shi gandun ƙasa a 2012, kuma dutsen da kake gani sama da ruwa haka yake ci gaba a ƙasa. Wani bangon yana ƙarewa kan yashi a mita 18 ko 20, wani sai 40, wani ya wuce 60. A Ras Muhammad ta Masar, cikin Bahar Maliya, akwai mai ɗaruruwan mita, rijiya gaba dubu ta gaske. Duka sunansu tomban, shi ya sa kalmar kaɗai ba ta gaya maka komai.

Shawarata ka je, amma ka zaɓi bangon da za ka fara da shi. A Faransa mai matakin farko iyakarsa mita 20, kuma sai da jagora, wanda ba ya ɗaukar fiye da mutum huɗu. In takardarka ta ƙungiyar koyar da nutso ta PADI ce, mita 18 aka koya maka. Kafin ka biya kuɗi ka tambayi shugaban nutson wurin abu uku: a mita nawa gindin bangon yake, ko akwai dandamali a samansa inda za a taru kafin a leƙa baki, da ko ku nawa ne a hannun jagoran. Bangon da gindinsa ke mita 18 zuwa 20 shi ne naka a nutso biyu ko uku na farko. In aka ce maka gindin yana 45 amma "za mu tsaya a 20", ka faɗa musu ƙarara cewa nutsonka takwas ne, rabonka da ruwa shekara guda. Kulob na kirki zai fara kai ka wuri marar zurfi ya ga hannunka. Kada kunyar abokai ta sa ka ƙara lissafin nutsonka, an sha yin haka kuma jagora ne ke shan wahalarsa.

Yanzu dalilin da ya sa mutum ke zubewa ƙasa, don in ka gane wannan sauran duk bayani ne. Kowace mita 10 ta ruwa tana ƙara matsi bar ɗaya: a sama bar 1, a mita 10 bar 2, a 20 bar 3, a 30 bar 4. Duk wata iska da ke jikinka tana matsewa daidai da haka. Kombinezon ɗin da za su ba ka, rigar roba mai kaurin milimita 5 ko 7, cike take da ƙananan kumfan iska kamar katifar soso. A sama tana ɗaga ka da ƙarfi, shi ya sa ake ɗaura maka darma mai yawa don ka iya nutsewa. Da ka fara sauka sai rigar ta matse, ƙarfin ɗagawarta ya ragu, ita kuwa darma nauyinta na nan yadda yake. Iskar da ke cikin jile ma ta tsuke. Sai ka ƙara nauyi, ka ƙara sauri, zurfi ya ƙaru, rigar ta ƙara matsewa. Abin yana ciyar da kansa. Mai saukar mita 25 a minti ɗaya, daga 20 zuwa 40 bai cika minti ba, kuma ruwa ba ya kaɗa maka iska a fuska balle ka ji kana faɗuwa.

Maganin farko tun a sama yake, wajen auna darma. Sabbin masu nutso kusan kullum da darma fiye da kima suke shiga, don tana sauƙaƙa nutsewar farko. Kada ka dogara da adadin da ka rubuta bara. Ruwan gishiri ya fi na pisin, wato wurin iyo da aka gina, ɗaga mutum, bambancin yakan kai kilo 2 zuwa 3 ga babban mutum da kayansa, kuma Bahar Rum ta fi yawancin tekuna gishiri. Tukunyar iska ta ƙarfe, wadda aka fi amfani da ita a Faransa, ta fi ta alminiyam da ake bayarwa a Masar nauyi a ruwa, don haka tana rage darmar da kake buƙata. Riga mai milimita 7 kuma tana ƙara ta. Ka gwada a bakin jirgi: jile babu iska, numfashi na yau da kullum a ƙirji, ƙafa ba motsi, ruwa ya tsaya maka daidai ido, in ka fitar da numfashi ka fara nutsewa a hankali. Gwaji na gaske kuwa sai ƙarshen nutso. Iskar da ka shaƙe tana da nauyi, lita 1800 ta kai kilo biyu da ɗan abu, saboda haka za ka fito da sauƙin jiki fiye da yadda ka shiga. In saura bar 50 a tukunya, jile fanko, kuma ka iya tsayawa a mita 3 ba ka taso ba, ba ka nutse ba, to darmarka ta yi daidai. Rubuta adadin tare da kaurin riga da irin tukunya.

Wajen sauka, ka bi igiyar anga ko jikin dutse zuwa dandamalin sama, galibi mita 5 zuwa 8. A nan za ka yi gwajin da ya fi kowane muhimmanci: kwanta shimfiɗe cikin ruwa, ka daina kaɗa palma, takalman iyo masu faɗi da ke ƙafarka, ka ƙirga goma. In ka fara sauka, ƙara iska a jile da ɗan danni gajere, ka jira daƙiƙa biyu ko uku, don ruwa ba ya amsawa nan take. Mutane da yawa suna tafiya a tsaye suna taka ruwa kamar mai tuƙa keke, ƙafarsu ce ke riƙe da su ba su sani ba. Da sun ga kifi sun tsaya kallo, ƙafa ta huta, sai su zube. Bayan ka leƙa bakin bango, kowace mita biyu ko uku da ka sauka ka ba jile ɗan danni. Ka fara taka birki tun saura mita uku ka kai zurfin da aka yi alkawari, kamar yadda direban kirki ke rage gudu kafin ya iso shataletale. Ƙananan gyare-gyare kuwa da huhu ake yinsu: ja numfashi mai ɗan zurfi ka tashi kaɗan, fitar da shi sosai ka sauka kaɗan. Jile na babban canji ne.

Ido yana ruɗin mutum a bango. A ranar da ruwa ya yi garau kana hango mita 20 ko fiye, gilashin fuska kuma yana nuna abu ya fi kusa kuma ya fi girma da kamar kashi ɗaya cikin uku. Reshen da kake gani "nan ƙasa kaɗan" yana iya zama mita takwas a ƙarƙashinka. Abin dogaro shi ne lambar da ke kan kwamfutar hannunka. Ka ɗaura ta a cikin hannu inda ido ke faɗawa ba sai ka juya ba, ka sa mata ƙararrawa a mita 18, ka duba ta duk bayan numfashi biyar ko shida a mintunan farko. Akwai kuma masu kawo maka labari kafin kwamfuta. Kunne ne na farko: in kana zaton tafiya kake a miƙe sai ka ji kunne na neman a buɗe shi, to sauka kake. In yana ƙaras-ƙaras da kansa, jile na matse maka haƙarƙari, hawa kake. Ƴan ƙananan tarkacen da ke yawo a ruwa ma, in ka ga suna tafiya sama, kai ne ke yin ƙasa. Ka riƙa zaɓen wani tsagi ko tabo a dutse daidai idonka kana auna kanka da shi.

In ka juya wa bango baya ka kalli shuɗin da ba shi da iyaka, jiri na iya ɗibarka. Juyo ka kalli dutse, ka dubi kumfanka, duk inda ya nufa can ne sama.

To in ka tsinci kanka kana faɗuwa fa? Miƙe tsaye, kai sama, kaɗa palma da ƙarfi daga cinya, hannun hagu kan maɓallin hura jile da danni mai tsawo, ido kan lamba. Bango na kusa, in hannu ya kai ga dutse ka kama, wannan ba lokacin tausayin ciyawar teku ba ne. Da lambar ta tsaya, ka shirya sakin iska, domin abin da ka hura zai fara kumbura da zarar ka tashi, kuma faɗuwa takan juye ta zama harbawa sama, wadda ta fi ta haɗari. Yar da ɗamarar darma a zurfi shi ne mataki na ƙarshe, sai in jile ya fashe kuma ƙafa ta kasa, don bayan ka yar da ita ba ka da sauran iko da hawanka. A saman ruwa kuwa, in ka kasa tsayawa, yar da ita nan take. Abu ɗaya kuma da za ka ɗaure wa ranka tun a jirgi: abin da ya suɓuce daga hannunka a bango ya tafi. Tocila, kamara, ko wayar da aka sa a jakar roba, kada ka bi. Duk abin da kake so ka ɗaure shi da igiya a zoben jile.

Wucewa iyaka da "mita biyar kawai" yana da tsada ta hanya uku a lokaci guda. Ta farko iska. Tukunyar lita 12 a bar 200 tana ɗauke da lita 2400. Cire bar 50 na ajiya, saura 1800. Sabon mai nutso yakan sha kamar lita 20 a minti a sama, a mita 20 ya zama 60, wato minti 30. A mita 40 ya zama 100, minti 18. In tsoro ya shiga numfashi ya ninka, lita 200 a minti, allurar manomita, agogon da ke nuna iskar da ta rage a tukunya, tana faɗuwa bar 17 kowane minti kana kallo. Ta biyu azot, sinadarin da ya fi yawa a iskar da muke shaƙa, wanda jiki ke sha a zurfi. A jadawalin sojan ruwan Faransa na 1990, wanda ake kira MN90, lokacin da za ka yi ba tare da tsayuwar dole wajen hawa don azot ya fita ba, minti 40 ne a mita 20, minti 20 a mita 25, minti 10 a mita 30, minti 5 kacal a mita 40. Ta uku maye. Daga wajen mita 30 azot yana fara taɓa hankali, mutum ya kalli lamba bai fahimce ta ba, ya ji komai lafiya lau, ko tsoro marar dalili ya kama shi. Wanda ya faɗa can bisa kuskure yana isa ne daidai lokacin da ya fi buƙatar hankalinsa. Maganin mayen hawa mita kaɗan, yana washewa da kansa. In wani ya miƙo maka tukunyar naitroks, wadda aka ƙara wa oksijin, kada ka karɓa sai ka yi karatunta: mai kashi 32 iyakarta wajen mita 33, bayan nan oksijin na iya kawo jijjiga irin ta farfaɗiya a cikin ruwa.

Tsarin tafiyar kansa mai sauƙi ne. Ana farawa da wuri mafi zurfi, sannan a riƙa hawa sannu a hankali a jikin bangon har a ƙare a sama. In akwai jan ruwa, a fara da fuskantarsa tun da ƙarfi da iska, a dawo yana tura ku. Bango a kafaɗar dama wajen tafiya, a hagu wajen dawowa, ba a ɓata. A bar 100 ka nuna wa jagora alamar rabi, hannu biyu kamar harafin T. A bar 50 dunƙulen hannu kusa da kai. Ka tuna babban yatsa sama a ruwa "mu hau" yake nufi, lafiya lau kuwa zobe ne da yatsa biyu. Abin da kwamfuta da jiki duka ba sa so shi ne hawa da sauka kamar guga a rijiya, ka ga abu a 18 ka sauka, ka ga wani a 10 ka hau, ka sake komawa. Bango yana jan mutum ga haka fiye da ko'ina, tunda abin kallo jere yake daga sama har ƙasa.

Matsayinka daidai da jagora ko sama da shi kaɗan, kada ka taɓa zama ƙarƙashinsa. Tsakaninka da dutse mita ɗaya zuwa biyu, da abokin nutsonka kuma inda hannu zai kai cikin kaɗa palma biyu. In kun rabu, nema minti ɗaya ne, kuma a bango har sama da ƙasa ake dubawa, a nemi kumfa, sannan a hau a hankali a haɗu a sama.

Haki shi ne abin da monitocin Faransa suka fi tsoro ga sababbi, kuma suna da gaskiya. A zurfi iska tana da kauri, in ka yi kokawa da jan ruwa sai numfashi ya gajarce, gurɓatacciyar iska ta taru a jini, ka ji kamar detanda, abin shaƙar da ke bakinka, ba ya ba ka iska alhali tukunya cike take. Daga nan sai sha'awar tofar da shi a ruga sama. Da ka ji numfashi ya fara gudu, tsaya, kama dutse, ka mai da hankali ga fitar da iska dogo-dogo, ka yi wa jagora alama, ku hau mita kaɗan. A wasu tekuna akwai jan ruwa mai gangarowa ƙasa a jikin bango, za ka gane shi in kumfanka ya ƙi hawa ko ya bi gefe yana yin ƙasa. Ba a fuskantarsa kai tsaye. Ko dai a kama dutse a hau da hannu, ko a hura jile a yi iyo nesa da bangon inda ƙarfinsa ke raguwa, sannan a saki iskar da zarar an fita.

Ka riƙe tocila ko da rana tsaka ce. Ruwa yana shanye jan launi tun mita biyar na farko, saboda haka rassan gorgon da suka rufe bangayen Marsey daga wajen mita 15 zuwa ƙasa za ka gan su shuɗi mai duhu, sai ka haska su su koma ja wur. Kamar itace suke amma dabbobi ne, ƴan santimita kaɗan suke ƙaruwa a shekara, bugun palma ɗaya yana karya girman shekaru. A cikin tsagogi akwai muren, kifi mai jikin maciji da ke buɗe baki yana rufewa, numfashi yake yi, ba ya cizo sai an cusa masa hannu. Akwai raskas mai ƙaya da dafi wanda launinsa da dutse ɗaya ne, da bushiyar teku mai baƙaƙen ƙayoyi masu karyewa cikin fata. Shi ya sa in za ka dafa dutse ka duba tukuna, ka dafa da yatsa biyu a wurin da babu komai. Sukar raskas ruwan zafi ake sa mata, wanda hannu zai iya jurewa, wajen digiri 45. In ka yi sa'a za ka ga meru, babban kifi mai kaurin giwan ruwa, wanda aka hana harbinsa a ruwan Faransa tun 1993, shi ya sa a yanzu yakan tsaya ya kalle ka. Ka ɗauki ƙaramar wuƙa ko almakashi saboda zaren masunta da ke maƙale a dutse, ba a ganinsa sai ya riƙe ka.

Ramuka da koguna a jikin bango ka haska daga waje. Duk inda dutse ya shiga tsakaninka da sama ya wuce takardarka. A wannan gaɓar ce kogon Koske yake, mai zanen mutanen da, wanda ƙofarsa ke mita 37 ƙarƙashin ruwa, kuma a 1991 masu nutso uku suka rasu a cikin doguwar hanyar shigarsa. Laka ce ke kwance a irin waɗannan wurare, palma na taɓa ta haske ya ɗauke.

Sanyi kuma kada ka raina shi don an ce Yuli ne. Saman ruwa yakan kai digiri 22 zuwa 25, amma wajen mita 15 zuwa 20 za ka ratsa wani layi inda yake faɗuwa ƙasa da 18 lokaci guda, har ka ga ruwan yana rawa kamar kwalta a watan Afrilu. In iskar mistral, mai ƙarfi da sanyi daga arewa, ta yi kwana biyu tana busawa, har saman ma yakan yi sanyi. Jikin da ya saba da zafin Yamai zai ji shi fiye da na abokanka. Nemi riga mai milimita 7 da hula, wadda ta kama jiki. Sanyi yana ƙara shan iska, yana kashe yatsun da za su danna maɓalli. In ka fara rawar ɗari, faɗa, a hau.

Hawa shi ne inda iska ke juyowa ta zama abin lura. Daga mita 10 zuwa sama girmanta ninkawa yake, don haka mitocin ƙarshe sun fi kowane wuri saurin ƙwacewa. Kada ka wuce mita 10 a minti, ko abin da kwamfutarka ta ce, ka riƙa sakin iskar jile tun kafin ka ji tana ɗaga ka, bututun sama da kafaɗa. Kada ka riƙe numfashi ko kaɗan. Wanda ya saba kurme a kogi tun yana yaro wannan ne tarkonsa, don jikinsa ya koyi riƙewa, kuma da iskar tukunya hawan mita ɗaya ko biyu da cikakken huhu a rufe ya isa ya yaga shi. In maɓallin jile ya maƙale yana hurawa, cire bututunsa, ja igiyar saki. Ka gwada cire shi a jirgi da safar hannu kafin ka shiga. A mita 3 zuwa 5 za ku tsaya minti uku, abin da suke kira paliye. A nan kai-kawon ruwa ke da ƙarfi, yana iya maka ka da dutsen da bushiya ta cika, sai ka ɗan ja baya. Jagora zai aika parashut, doguwar jakar iska mai launin lemu, don jirage su gani. Ka nisanci igiyarsa, in ta naɗe ka tare za ku tafi. Kafin ka fito da kai, saurara, juya ka duba ko'ina, don lokacin hutu ruwan Kalank cike yake da jirage.

Akwai abin da za ka gama tun kana Yamai. Za a nemi takardar likita da ba ta wuce shekara ba. Ka yi gwajin jini na emasi, wato sikila, in ba ka taɓa yi ba, akwai cibiyar ƙasa mai kula da wannan ciwo a nan birni. Mai SS ba ya nutso da tukunya, mai AS kuma ya faɗa wa likitan nutso ya yanke. Farfaɗiya, asma mai tashi, tsohon tarin fuka da ya bar tabo a huhu, duka sai likita ya gani. Da mura ko toshewar hanci ba a shiga ruwa, kuma kada ka yi dabarar ɗiga maganin buɗe hanci, yana iya sakinka a ƙasa, iskar da ta shiga kunne ta rasa hanyar fita wajen hawa. Da zazzaɓi ma haka. Ƙarancin ruwa a jiki yana ƙara haɗarin ciwon azot, wanda ke zuwa in azot ya yi kumfa a jini bayan hawa, don haka ranar azumi da ranar nutso a raba su. Ka samu pisin ka riƙa iyon mita 200 ba tsayawa, ka saba da cire gilashin fuska da mai da shi cikin ruwa. Kogi ba wurin wannan atisaye ba ne, ga duhun ruwa, ga tsargiya, ga dorina.

Bayan fitowa ka sha ruwa, ka bar ɗaukar kaya masu nauyi da kurme na wasa a ranar. Ciwon azot yakan bayyana cikin awannin farko, wani lokaci har kwana guda: gajiyar da ta wuce misali, ciwo a kafaɗa ko gwiwa, jin kamar tururuwa na bin ƙafa, mutuwar wani sashen jiki, jiri da amai, kasa fitsari. Ko ɗaya ka ji, faɗa nan take ko da nutson ya tafi daidai. Abin da ake yi shi ne oksijin tsantsa lita 15 a minti, ruwan sha in mutum na cikin hayyacinsa, da kiran agaji, tasha ta 16 a rediyon jirgi ko lamba 196 a waya, su kai shi kason, ɗakin matsin da ake narkar da kumfan da ke cikin jini. Marsey na da shi. Ba a mai da mutum ruwa wai don a gyara.

Jirgin sama yana rage matsi, don haka ka bar awa 24 tsakanin nutson ƙarshe da tashinka, ranar nan ta zama ta kasuwa da tsarabar gida. In kuma bayan ka sauka Yamai ka ji ciwon gaɓoɓi da kasala, kowa zai ce maka zazzaɓin sauro ne, kai ma haka za ka zata. Ka gaya wa likita da bakinka cewa ka yi nutso da tukunya, ka faɗi rana da zurfi da minti, ka nuna masa abin da kwamfutar ta rubuta.